Me Ya Sa Kunun Zaƙi Ke Ƙin Yin Zaƙi? Duba Kayan Aiki Kafin Ka Zargi Hatsi

Matasa da dama a Bagudo, Illo da Kaoje suna sayar da kunun zaƙi a robobi, wasu ma ta WhatsApp suke karɓar oda. Ranar da kunu ya fito salam ko ya yi tsami, an yi asarar gero, gawayi da kwastoma. Sau da yawa laifin na kayan aiki ne, kuma ana iya gano shi cikin minti kaɗan.

Yadda zaƙin ke samuwa

A cikin tsiron dawa ko na shinkafa, da kuma ɗanyen dankalin Hausa, akwai wani sinadari mai suna amilez, wanda ke mayar da sitacin hatsi ya zama sukari. Yana aiki sosai tsakanin digiri 60 zuwa 70, kuma idan zafi ya kai wajen digiri 80 sai ya mutu. Shi ya sa ake raba ƙullu gida biyu: a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, a bari ya ɗan huce, sannan a zuba ɗaya kashin mai tsiro. Da wannan sinadarin ne kamfanonin Maltina da Malta Guinness suke samar da zaƙin hatsinsu.

1. Na'urar auna zafi

Ƙaramar na'urar dijital mai tsinke ta fi yatsa gaskiya, amma ita ma tana kuskure. A gwada ta a kofin ƙanƙara da ɗan ruwa, ya kamata ta nuna 0. A tafasasshen ruwa kuma ta nuna 99 ko 100. Idan ta kauce da digiri uku ko fiye, a canza batir. Idan ba ta gyaru ba, a rubuta bambancin a waya a riƙa lissafi da shi. A juya kunun kafin a auna, domin ƙasan tukunya ya fi sama zafi.

2. Bilenda mai tsayawa

Yawancin bilenda suna da makarin da ke yanke wuta idan mota ta yi zafi. A kashe ta, a jira kamar minti 20, a rage hatsi, a ƙara ruwa. Hatsin da bai jiƙa sosai ba yana dakushe wuƙa, ya bar tsaki-tsaki da ba ya dahuwa. Ƙaramin janareta kuma yakan gaza ɗaukar bilenda tare da firji, don haka a cire firjin kafin a fara markaɗe.

3. Filogin Benin

Kayan lantarki da ke shigowa ta Tsamiya daga Segbana galibi suna da filogi mai zagayayyun ƙafafu biyu, soket ɗin Najeriya kuwa mai ƙafa uku ne masu faɗi. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, 220 zuwa 230, amma adafta mai sako-sako tana zafi har ta narke. Gara mai gyara ya sa filogin da ya dace.

4. Kula mai zubar da zafi

Idan murfin kula ba ya rufuwa da kyau, zafi zai sauka ƙasa da digiri 50 kafin zaƙi ya fito, sai ƙwayoyin tsami su samu wuri. A ɗauraye kular da ruwan zafi kafin a zuba kunu, a naɗe ta da bargo, a sa ƙararrawar waya ta buga bayan awa ɗaya domin a sake aunawa.

Gargaɗi

Kunun da ya daɗe a ɗumi yakan fara kumfa, robar ta kumbura. Alama ce cewa yis ya fara mayar da sukarin barasa. Irin wannan a zubar da shi, kada a sayar wa kowa. Da zarar zaƙi ya fito, a tace, a sanyaya, a sayar a ranar.