Waifai daban, intanet daban

Aikina jan kebul da haɗa kwamfutoci a ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu a Kano. Yawancin kiran da ake yi mini magana ɗaya ce: "Malam, babu sabis." Sai na je in tarar kowane wuri da irin ciwonsa, kuma sau da yawa mai ofis zai iya gano shi da kansa, da ya san wasu abubuwa kaɗan. Abin yana damuna, domin jama'a na biyan kuɗin gyara da na data a kan abin da ba su fahimta ba.

Waifai hanyar rediyo ce kawai tsakanin wayarka da akwatin nan da muke kira rauta. Idan alamarsa ta cika a saman waya, abin da take faɗa maka shi ne kana kusa da rauta. Ba ta san abin da ke faruwa a bayanta ba. Data na iya ƙarewa, masu haƙa kwalbati na iya tsinka faiba a titi, alamar kuwa tana nan cike. Kwamfutoci da firinta da kyamarorin da ke cikin gini ɗaya suna magana da juna, wannan haɗin shi ne LAN, kuma yana aiki ko babu intanet. Shi ya sa ake buga takarda lafiya lau ranar da Facebook ya ƙi buɗuwa. Rauta ce ke fitar da saƙo daga wannan haɗin zuwa waje.

Kowace na'ura sai ta samu lamba kafin ta yi magana, ita ce adireshin IP. A ofis za ka ga irin 192.168.1.5, kuma rauta ce ke raba su da kanta ta tsarin DHCP. Ga abin da nake fara nuna wa yaran da ke koyon aiki a hannuna: idan lambar kwamfuta ta fara da 169.254, to ta nemi lamba ba a ba ta ba, ta ƙirƙiro wa kanta. Kada ka kira kamfanin sadarwa. Duba kebul, duba rauta. Tsohon tsarin lambobin, IPv4, yana da kusan biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbunsa ya ƙare a 2011. Saboda ƙarancin lambobin, ofis guda yakan fita duniya da lamba ɗaya tak, shi ne kuma dalilin da ya sa aka fito da IPv6 mai yalwa.

Mutum ba ya haddace lambobi, suna yake rubutawa. DNS ke juya sunan shafi zuwa lamba, kamar yadda kake danna "Yaya Babba" a waya ita kuma ta kira lambarsa. Idan ka buga ping 8.8.8.8 a kwamfuta amsa ta dawo, amma shafuka sun ƙi buɗuwa, hanya lafiya take, DNS ne ya tsaya.

Inda aka fi yin rigima shi ne gudu. Kamfani yana sayar da megabit, waya kuma tana nuna girman fayil da megabayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Wanda ya sayi 20 Mbps, wato megabit 20 a daƙiƙa, iyakar abin da zai sauke a daƙiƙa megabayit 2.5 ne, idan shi kaɗai ne a kai. Ma'aikata 15 suka hau, wasu na kallon bidiyo, kowa ɗan gutsure zai samu. Ba cutar ka aka yi ba. Wani lokaci ma laifin wurin da aka ajiye rauta ne. Nakan tarar da ita cikin durowar ƙarfe a ofishin shugaba don kada a sace, sannan ana kukan sigina ba ta kai ƙarshen gini. Zangon waifai na 5 GHz ya fi gudu amma bangon bulo yana cinye shi da wuri, na 2.4 GHz ya fi nisa amma cunkoso ya yi masa yawa. Kwamfutar da ba ta motsi, a ja mata kebul, kada ya wuce mita 100 ba tare da an sa suwic, akwatin haɗa kebul, a tsakani ba. A kula da kebul mai arha a kasuwa: wani alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, a kankare bakinsa za a ga fari.

Akwai kuma ranar da babu abin da ni ko kai za mu iya. Yawancin intanet ɗinmu ta kebul ɗin ƙarƙashin teku yake shigowa Legas, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010. Ranar 14 ga Maris 2024 da dama daga cikin irin waɗannan kebul suka lalace a teku daura da Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik har nan Arewa. A irin wannan rana sake kunna rauta ba ya maganin komai, kuma duk mai gyaran da ya karɓi kuɗinka bai kyauta ba.

Abin da ke hannunka yau shi ne makullin rauta. Da yawa har yanzu admin ne suna, admin ne kalmar sirri, yadda suka fito daga kwali. Duk wanda ya hau waifai ɗinka zai iya shiga ya canza DNS, ya tura ma'aikatanka shafin banki na bogi. Adireshin shiga yana rubuce a jikin takardar da ke ƙasan rautar. A buɗe, a canza kalmar sirri, a ware wa baƙi nasu waifai daban.