Birkin A-kori-kura: Yadda Ake Gane Ya Cinye da Yadda Ake Sake Shi

A dogon hutun da ya wuce Baba ya tura ni garejin ƙanen mahaifiyata, wanda yake bakanike ne, ya ce in je in koyi abin da zan riƙe ko da boko bai karɓe ni ba. Da fari raina bai so ba, domin mako biyu cur ba abin da aka ba ni sai wanke notuna da kananzir da miƙa sifana. Amma kafin hutu ya ƙare na koyi abu guda sosai, watau sake birkin gaba na a-kori-kura, shi ne kuwa nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Dalili shi ne, da yawa daga cikinmu a bayan irin wannan mota muke komowa makaranta, mu da akwatunanmu, a cikinta kuma iyayenmu ke kai hatsi kasuwa. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, har zuwa Toyota Hilux da ta cika hanyoyinmu, ita ce jakar ƙauye.

Bari mu fara da yadda birki ke aiki. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura wani ɗan famfo da makanikai ke kira masta. Shi kuma sai ya tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Malaminmu na kimiyya ya koya mana a aji cewa ruwan da ke rufe, in an matsa shi a wuri ɗaya, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Wani Bafaranshe mai suna Faskal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana wannan ƙa'ida. Na haddace ta don jarrabawa kawai, ashe ita ce ke tsai da mota.

A ƙafar gaba akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A bisansa an ɗora wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, sunansa kalifa, a cikinsa akwai fistin. Tsakanin kalifa da faifai akwai abubuwa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, su ake kira fad. Fad ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, an manna masa wani abu mai tauri mai kaushi wanda ake ce wa lainin. Mai ya tura fistin, fistin ya tura fad, fad biyu su cafke faifai, gudun mota ya juye ya zama zafi. Kowane taki kuwa sai lainin ya ɗan goge. A ƙafar baya, yawancin a-kori-kura ganga ce da su maimakon faifai, wannan kuwa Kawu bai bar ni na taɓa ba tukuna. Na gaba ya fi saurin cinyewa, saboda in an taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya. Ga kuma lodi. Motar da aka jibga wa buhu ashirin, mutane kuma suka hau bisa, birkinta na shan wuyar da ta fi ta motar da ba kome. Gudu ya fi lodi ma ɓarna: in an ninka gudu sau biyu, zafin da birki zai sha sau huɗu ne.

To, ranar wata Laraba wani direba ya shigo garejin da tsohuwar a-kori-kura, ya ce, "Maigida, a ɗan ƙara mini man birki, sauri nake, gobe kasuwa." Kawu ya buɗe boneti, ya duba ɗan tulun man, ya ga ya sauka ƙwarai. Bai ƙara ba. Ya leƙa ƙarƙashin mota ya bi bututu da bayan tayoyi, bai ga inda ke yoyo ba. Sa'an nan ya ce da ni, "Kai ɗan boko, mai ya ragu, ba ya kuwa zuba. Ina ya tafi?" Na yi shiru. Ya ce ai mai ba ya ƙonewa kamar fetur. Yayin da lainin ke cinyewa, fistin na ƙara fitowa waje, mai kuma na bin bayansa yana cike gurbin. Saboda haka raguwar man birki, in babu yoyo, saƙo ne daga fad. Wanda ya ƙara mai ya tafi, ya toshe bakin ɗan aike ke nan.

Kawu ya tambayi direban ko motar na kuka. Ya ce da tana wani ƙiiii in ya taka, amma yanzu ta daina, sai dai gurnani. Har yana murna wai ta warke! Nan Kawu ya kama baki. Fad da yawa an yi musu wani ɗan harshen ƙarfe a gefe, wanda ke fara taɓa faifai in lainin ya kusa ƙarewa. Wannan siririn kuka da gangan aka yi shi, don direba ya ji ya zo gareji. Gurnani kuwa, kamar ana niƙa a kan dutse, ma'anarsa lainin ya ƙare, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Akwai waɗansu alamu da ya kamata a rarrabe, don ba kowane ciwon birki ne na fad ba. In mota na fizga gefe guda sa'ad da aka taka, watakila kalifa ɗaya ta cije, ko mai ya ɓata lainin na gefe ɗaya. In birki na harbin ƙafar direba, sitiyari na rawa, faifai ne ba ya kan daidai. In kuwa ya yi laushi kamar an taka soso, iska ce ta shiga bututu ko mai na yoyo, sabon fad ba zai yi maganin wannan ba. Amma hukunci na ƙarshe na ido ne. Sabon lainin kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne. In ya sauko zuwa milimita 3, watau ya ɗan ɗara tsinken ashana kaɗan, lokacin sakewa ya yi.

Da ƙyar direban ya yarda aka kwance. Muka tsai da motar a wuri mai shafe, aka ja birkin hannu, na sa waigi a tayoyin baya. Notunan taya tun tana ƙasa ake sassauta su, kana a ɗaga da jak. Kawu ba ya yarda da jak shi kaɗai ko na minti ɗaya. Sai an kafa gungumen itace ko ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin shasi, ba bulon siminti ba, gama bulo yakan farfashe ba sallama. Tayar da aka cire ma mukan tura ta ƙarƙashin motar.

Kalifa iri biyu ce. Akwai wadda ke kafe, a zare ƙusoshi biyu a jawo fad ta sama. Ta wannan motar mai zamewa ce a kan sanduna biyu, saboda haka muka kwance notinta muka ɗaga ta. Na so in sake ta tana reto, Kawu ya daka mini tsawa, ya ba ni waya na rataye ta. Tiyon roba da ke kai mata mai ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, in ya tsage daga ciki ba mai gani sai ranar da ya fashe a hanya.

Da fad ɗin suka fito, na waje yana da sauran kamar milimita 4, na ciki kuwa ƙarfe ne tsirara, ya yi shuɗi don zafi, ya kuma tona rami a jikin faifai wanda farcena ke shiga. Wannan bambanci shi ya nuna sandunan da kalifa ke zamewa a kai sun bushe sun cije, fad ɗaya kaɗai ke ta aiki. Kowane faifai an buga masa lamba a jiki mai nuna iyakar sirancin da zai kai. Da Kawu ya auna, na hagu ya wuce iyaka. Ga shi faifai ya fi fad tsada nesa ba kusa ba, kuma biyu ake sakewa tare. Direban ya zauna a kan benci ya yi tagumi, kuɗin da ya ƙi kashewa wata biyu da suka wuce ya haihu.

Sauran aikin ba wuya, sai dai kula. Ƙurar da ke wurin ba a busa ta da baki, domin akwai lainin da ake yi da asbesto, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu. Tsumma mai laima ake sawa. Muka zare sandunan, muka goge, muka shafa musu giris na birki. Giris ko mai kada ya kuskura ya taɓa fuskar lainin ko faifai, kananzir kuma kada ya taɓa robobin kalifa, yana kumbura su. Sai mai da fistin ciki don sabon fad mai kauri ya sami wuri: a ɗora tsohon fad a kansa, a matsa da liba a hankali. Ana matsawa mai na komawa tulu yana hawa. Da an ƙara man nan da direba ya nema, da yanzu ya tumbatsa, man birki kuwa yana cin fenti. Muka zura sababbin fad, muka mai da kalifa muka ɗaure, muka koma ɗaya ƙafar. Ba a sake gefe ɗaya a bar ɗaya, in an yi haka mota za ta riƙa fizga. Notunan taya kuma ba bi da bi ake ɗaure su ba, a ɗaura wannan a tsallaka na daura da shi, a ƙarasa tamkewa bayan an sauke mota ƙasa.

Saura abu guda, a nan ne kuwa na yi abin kunya. Tun da an tura fistin ciki, akwai rata tsakaninsa da fad, dole a tattaka birki sau da yawa mota na tsaye har ya yi tauri. Kawu ya ba ni wannan aiki ya tafi alwala, ni kuwa na tsaya tattara sifanu na manta. Direban da ke sauri ya faɗa ciki ya ta da mota ya yi baya. Ya taka, birki ya tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Allah ya sa ya fizgi birkin hannu, amma duk da haka sai da ya ture durom ɗin ruwanmu, taki kaɗan daga inda mai kunu take zama. Kawu bai buge ni ba. Ya sa ni na shiga na taka sau goma sha biyar ina ƙirgawa da ƙarfi, duk yaran gareji na dariya.

Daga nan ya duba tulun mai, ya ɗauki motar da kansa muka fita hanyar bayan gari. Ya riƙa kai ta kamar kilomita 50 yana takawa sannu har ta kusa tsayawa, wajen sau goma, don sabon lainin ya zauna a kan faifai. Ya gargaɗi direban kada ya yi mugun taki a kwanakin farko sai dole, in zai gangara tudu da lodi kuma ya sa babbar giya ta riƙe masa, kada ya kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Tsohon fad ɗin nan mai shuɗi na roƙa aka ba ni, yana cikin akwatina a ɗakin kwana, wanda ke son gani ya same ni bayan cin abincin rana.