Darasi na 12: Naɗin Sabon Paparoma

Ɗalibai, Paparoma shi ne shugaban mabiya ɗarikar Katolika na duniya, kuma mazauninsa yana Batikan, cikin birnin Rum. Ku karanta yadda ake naɗa shi.

Manyan limamai da ake kira kadinal, waɗanda ba su kai shekara 80 ba, su ne suke kulle kansu a ɗakin ibada na Sistin su yi zaɓe. Idan baƙin hayaƙi ya tashi daga rufin, to, ba su daidaita ba tukuna. Farin hayaƙi kuwa yana nuna an samu. Sai wanda aka zaɓa ya ɗauki sabon suna, ya sa fararen tufafi, ya fito barandar majami'ar Waliyyi Bitrus ya sa wa jama'a albarka.

Bayan 'yan kwanaki ake yin babbar addu'ar kama aiki. A nan ake rataya masa wani siririn ƙyalle na ulun tumaki a kafaɗa, domin ya tuna cewa shi makiyayi ne. Sannan a sa masa Zoben Masunci, domin Bitrus masunci ne. A da har kambi ake ɗora wa Paparoma kamar sarki, amma tun bayan naɗin Bulus na Shida a 1963 ba a sake yi ba. Paparoma Liyo na Sha Huɗu ya karɓi ƙyallen da zoben ranar 18 ga Mayu, 2025.

Tambayoyi
1. Mece ce ma'anar farin hayaƙi?
2. Me ƙyallen ulu yake tuna wa Paparoma?
3. Ku yi jimla da kalmar "makiyayi".