Harafin Da Ke Tafiya Da Wanda Ke Tsaye

Ɗalibanmu na sakandare a Musawa, kafin WAEC ku rarrabe haruffan lissafi, domin ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ga mai injin casar masara da kaka. Yana karɓar c kuɗin kawo injin gona, da m a kan kowane buhu. Abin da manomi zai biya shi ne y = mx + c. Yawan buhuna, wato x, yana sauyawa daga gona zuwa gona, y kuma na biye da shi. Su ake kira bariyabul. Amma m da c ba sa motsi muddin cinikin nan na tsaye. Sai dizal ya tashi a kakar baɗi a sa musu sabon farashi. Su ne faramita. Kada ku haɗa su da π, wadda ba ta taɓa canzawa.

Tun 1637 René Descartes na Faransa ya ba ƙarshen abajada, x, y, z, aikin abin da ba a sani ba. Amma masu tsara tambaya sukan karya wannan al'ada.

Don haka kafin ku taɓa biro, ku tambayi kowane harafi: a cikin wannan tambayar, tafiya kake yi ko a tsaye kake?