Kwamfuta Mai Mutuwa Da Rana Tsaka: Yadda Ake Sabunta Mata Man Sanyi

Jama'ar Gwarzo da Kabo, masu shagunan buga takardu, da malaman makaranta, da ma'aikatan sakatariya da na asibiti, wannan takarda taku ce. Kwamfuta ta shigo garuruwanmu, ta kuma zauna daram. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka yaron Getso ko na Garo ba shi da makawa sai ya saba da ita. Amma akasarin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka sha aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwar Beirut Road ko Farm Centre a Kano. Can sun saba da ɗaki mai sanyi marar ƙura. Nan kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu suke shaƙa, daga Maris zuwa Mayu kuma su faɗa bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40, wani sa'in ma ya haura.

Ga yadda ciwon yake farawa. Fanka ta riƙa kuka ba hutu, gindin kwamfutar ya ɗauki zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, aiki ya yi nauyi, wajen azahar kuma ta ɗauke ɗif kana tsakiyar buga takardar wani. Daga nan sai ra'ayoyi su yi yawa. Wannan ya ce bairos ne a yi fomat, wancan ya ce fanel, wato babban allon cikinta, ya tafi. Mai ita ya biya kuɗin mota, ya bi ta Rimin Gado zuwa birni, tafiyar kusan kilomita 70 daga Gwarzo, ko kuma ya karyar da ita a banza. Alhali sau da yawa ba abin da ya ƙone. Ƙura ce ta toshe hanyar iska, man sanyi kuma ya bushe.

To, mene ne wannan mai? A cikin kowace kwamfuta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, yawanci ƙirar Intel ko AMD. Ƙarama ce, amma in tana aiki zafi take fitarwa sosai. An ɗora mata ƙarfen zuƙe zafi, na jan ƙarfe ko na alminiyam, wanda ke kai zafin bakin fanka ta hure shi waje. In ka dubi fuskar furosesa da ta wannan ƙarfe za ka rantse sumul suke. Ba haka ba ne. Akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, in an haɗa su iska ce ke maƙalewa a ciki, ita kuwa iska ba ta miƙa zafi. Shi ya sa ake sa wani mai ruwan toka a tsakani, masu gyara na ce masa tamal fes, don ya kori iskar ya cike ramukan. Mai nagari ya fi iska miƙa zafi fiye da sau ɗari. Amma a lura, jan ƙarfe shi ma ya ninka man sau da yawa. Wato aikin man cike gurbi ne kawai, kamar yadda magini ke bin tsagar bango da yaɓe. Wanda ya lafta shi da kauri ya raba ƙarfe da ƙarfe ke nan, ya ƙara wa kwamfutar wahala. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, har a wurin wasu masu gyara da ke ganin yawan mai shi ne nuna ƙwarewa.

Shekaru na tafiya, man na bushewa, ya tsage. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudunta don ta tsira, wannan shi ne nauyin da kake ji. In hakan bai isa ba ta kashe kanta. Kafin ka kwance komai, sa manhaja irin su HWMonitor ko Core Temp ka duba. In kwamfuta na zaune ba aikin kirki amma tana nuna 80 ko 90, babu sauran gardama.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin sukudireba, buroshi mai laushi, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, sifirit mai ƙarfi wanda ake kira aisofurofil, da sirinjin man sanyi. Irin su Arctic MX-4 suna da suna, sirinji ɗaya na giram 4 kuma zai yi wa kwamfutoci da dama. Kada wani ya ruɗe ka da man goge baki ko girisin mashin. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan ya ƙafe. Fetur da kananzir su ma ba abin wanki ba ne a nan.

Ka bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintuna don tsohon man ya yi laushi, sa'an nan ka kashe, ka zare waya, ka cire batir. In batirin na ciki ne, da zarar ka buɗe murfi fara zare igiyarsa daga fanel. Taɓa ƙofar ƙarfe ko makamancinta kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu, don busasshiyar iska na tara wa jiki ɗan lantarkin nan da ke sa riga ƙyas-ƙyas, shi kuwa yana iya lalata fanel ba ka ko ji ba. Ɗauki hoton cikin da wayarka, ka zuba notunan a murfin kwalba, kada su bi tabarma.

A kan ƙarfen zuƙe zafi za ka ga an rubuta 1, 2, 3, 4 kusa da notuna. Sassauta su kaɗan-kaɗan kana zagayawa, kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya ka bar sauran a ɗaure. In ƙarfen ya ƙi tashi, murɗa shi a hankali hagu da dama. Kada ka fizga. A kwamfutar tebur mai furosesar AMD ta da, mai allurai a ƙasa, fizga ɗaya na iya tumɓuke ta daga mazauninta alluran su lanƙwashe.

Yanzu dubi tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi. Galibi za ka tarar da ƙura da gashi sun dunƙule sun rufe hanyar ruf, har kana iya ɗaga su da ɗan yatsa. Cire su, ka bi da buroshi. In za ka hura da bulowa, dafe fankar da yatsa kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta.

Sai wanki. Ɗiga sifirit a tsumma, ba a kan fanel ba, ka goge fuskar furosesa da ta ƙarfen har su yi ƙyalli. Inda ya daskare, jiƙa shi ka ɗan jira. Ban da reza, ban da bakin sukudireba, don furosesar laftof tsirara take ba murfin ƙarfe, ƙwarzane ɗaya ya isa ya gama da ita. In ka ga wasu 'yan ƙyallaye masu taushi manne a kan ƙananan sassa na gefe, bar su inda suke, ba a maye gurbinsu da mai. Bari sifirit ya bushe, kada kuma ka sake taɓa wurin da yatsa.

Ɗiga sabon man a tsakiya, gwargwadon ƙwayar wake in kwamfutar tebur ce, ƙwayar shinkafa in laftof ce. In laftof ɗin na da wani ɗan guntun sarrafa hoto a ƙarƙashin ƙarfen nan, shi ma a ba shi nasa. Ɗora ƙarfen a miƙe sau ɗaya, ka ɗaure notunan bi da bi, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Matsin shi zai baje man. In ka ɗaga don ka leƙa, iska ta shiga, sai ka goge ka sake daga farko. Kuma ka tabbata ka mayar da igiyar fanka kafin ka rufe, mutane da yawa a nan suke mantuwa. Kunna, ka sake duba awo. In zafin bai sauka ba, wataƙila fankar ce ta gaji ko bututun jan ƙarfen da ke kai zafi bakin fanka ya lalace, wannan kuwa sai an kai wa gwani.

Wanda kwamfutarsa sabuwa ce tana cikin garanti kada ya buɗe ta. Wanda kuma hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyara, amma ya tsaya a kansa ya ga an goge tsohon man tas, don akwai masu ɗora sabo a kan tsoho su karɓi kuɗi.

Mai nagari na yin shekara biyu zuwa uku, ƙura kuwa a yanayinmu ba ta jira haka, tana son sharewa duk shekara. Shugabannin makarantu masu ɗakin kwamfuta, da masu shaguna daga Kabo har Gwarzo, ku sa wannan aiki a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da hazo ya janye zafi bai riga ya kankama ba. Ku manna 'yar takarda a gindin kowace kwamfuta, a rubuta ranar da aka sabunta mata mai.