Tsibirin Bankuba

Ku duba taswirar Kanada wajen yamma. Can a Tekun Pasifik akwai babban tsibiri, sunansa Bankuba. Tsawonsa ya fi mil 280. Yana samun ruwan sama ƙwarai, har waɗansu itatuwansa sun shekara 800 suna tsaye. Baƙi sukan zo daga nesa su gan su.

Kyaftin Kuk na Ingila ya sauka can a 1778, amma ya tarar da masu ƙasa, masunta tun kaka da kakanni. Turawa suka kafa garin Biktoriya a 1843. A 1862 wani jirgin ruwa ya kawo cutar agana, dubban 'yan ƙasa suka mutu. Jikokin waɗanda suka tsira suna nan har yau, suna neman haƙƙin ƙasarsu.

Tambaya: Su wa suka fara zama a tsibirin?