Koyon Aikin Injuna Masu Sarrafa Kansu

A shekarar 1961 aka fara sa mutum-mutumi aiki a masana'anta. An kafa shi ne a wata ma'aikatar kamfanin General Motors da ke jihar Niyu Jasi ta ƙasar Amurka, sunansa Unimate. Aikinsa guda ɗaya ne rak: ɗauko ƙarfe mai zafi daga bakin injin zubi, ya jera shi a gefe, aikin da ya daɗe yana ƙona hannuwan ma'aikata. A shekarar 2023 yawan irin waɗannan injuna da ke aiki a masana'antun duniya ya haura miliyan 4, kuma fiye da rabin sababbin da aka kafa a wannan shekara a ƙasar Sin aka kafa su. A Koriya ta Kudu, a kan kowane ma'aikatan masana'anta 10,000 akwai mutum-mutumi fiye da 1,000.

Sunan nan na mutum-mutumi yakan ruɗi mutane, su zaci wani abu ne mai kai da ƙafafu, mai yawo yana magana. Wanda ake gani a masana'anta ba haka yake ba. Hannu ne na ƙarfe da aka ɗaure a ƙasa, galibi mai gaɓoɓi 6, kowace gaɓa da injin lantarkin da ke juya ta. A bakin hannun ake ɗaura abin aiki, ko na walda, ko na fesa fenti, ko abin damƙar kwali da buhu. Kusa da shi akwai akwatin da ke riƙe da umarni. Mai koya masa aiki yakan riƙe wani ɗan allo mai maɓallai, ya kai hannun wurin da ake so, ya danna a ajiye wurin, ya matsa gaba, har a kammala zagaye ɗaya. Daga nan injin ya yi ta maimaitawa dare da rana, ba ya kuskure da ko kaurin gashi biyu.

To, amma iyakar saninsa ke nan. Idan maƙalar da ke riƙe ƙarfen ta goce kaɗan, zai ci gaba da walda a inda babu mahaɗa, sai in an sa masa na'urar da ke gani ko ji. Ita kuma na'urar, ƙurar hunturu takan rufe mata ido. Zafin bazara yakan gajiyar da akwatin umarni, wutar lantarki mai hawa da sauka takan ƙona abin da ke cikinsa. Duk lokacin da ɗayan waɗannan ya auku, layin aiki duka sai ya tsaya, ma'aikata su naɗe hannu, kaya su ƙi fita. Idan babu ɗan ƙasa da ya san ciwon, tilas a jira gwani daga ƙetare, a biya shi da kuɗin waje, a biya masa jirgi da masauki, wani lokaci don gyaran da bai wuce na awa biyu ba. Wannan gurbi shi ne abin da ake jawo hankalin samari da 'yan mata a kansa.

Ba daidai ba ne a ɓoye wa jama'a cewa injunan nan suna rage wasu ayyuka. Mai dakon buhu a bakin inji da mai jera kwalabe su ne na farkon shafa. Aikin da ke ƙaruwa shi ne na mai kafa inji, da mai rubuta masa umarni, da mai gano ciwonsa, kuma ba a shiga wannan aiki da ƙarfin ƙashi kawai.

Abin da ɗalibi zai koya

Fannin da ya haɗa wannan ilmi ana kiransa mekatironik, watau gamin kanikanci da lantarki da sarrafa kwamfuta. Tushensa lissafi ne da kimiyyar fiziks da zanen fasaha. Yaron da ya guje wa lissafi a sakandare ya rufe wa kansa ƙofa tun bai san da ita ba, gama juyin kowace gaɓa ta hannun nan kusurwa ce, kusurwa kuwa da lissafi ake auna ta. Bayan haka sai karanta taswirar wayoyi, da sanin yadda ƙarfin iska da na mai suke tura ƙarfe, da rubuta umarni a akwatin da ke jagorantar layin aiki. Turanci ma wajibi ne, domin littattafan injunan da shi ake rubuta yawancinsu.

Akwai darasi ɗaya da ake fara koyarwa kafin kome. Hannun da ya yi tsit ba lalle ne a kashe yake ba, wataƙila jira yake kaya su iso gabansa. Saboda haka ba a shiga shingensa sai an yanke wuta, an sa kwaɗo a makunni, mai gyara ya jefa mabuɗin a aljihunsa.

Hanyoyin samun horo

Wanda ya gama ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin koyon sana'a ta shekara 3, ya zauna jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, hedkwatarta a Benin. Wanda ya gama babbar sakandare yana iya neman kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Kaduna ko ta Yaba a Legas: shekara 2 don Difloma ta Ƙasa, shekara 1 yana aiki a masana'anta, sa'an nan shekara 2 don Babbar Difloma. Digirin injiniya a jami'a shekara 5 ne, kuma Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suna da sashen mekatironik.

Mutane da yawa sun ɗauka jami'a ce kaɗai hanyar daraja, har uba yakan ji kunya a ce ɗansa na sa rigar aiki mai baƙin mai. Wannan tunani ya jawo wa ƙasa hasara. Masana'anta tana iya tafiya da injiniya kaɗan, amma kowane zubin aiki, na safe da na dare, yana bukatar ƙwararrun da za su tsaya a gindin inji. Jamusawa sun gane haka: tun 1998 suka mai da mekatironik sana'ar da ake koya cikin shekara 3 da rabi, ɗan koyo yana raba lokacinsa tsakanin makaranta da kamfanin da ke biyansa.

A Nijeriya, Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa a Jos, shi ya ƙirƙiro shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu a tsakiyar karatunsu. Abin takaici ne ɗalibi ya ƙare watannin nan a ofis yana jigilar fayil, ya cika littafinsa da abin da bai taɓa ba. Gara ya jure nisa da ƙarancin alawus ya sami wurin da inji ke juyawa, kamar ma'aikatar siminti, ko ta lemon kwalba, ko ta niƙan alkama. A Abuja kuma hukumar NITDA ta buɗe cibiyar NCAIR a 2020, inda ake horar da matasa kan ƙirƙirarriyar basira da haɗa mutum-mutumi.

Masu walda da masu naɗin injin lantarki na kasuwar Panteka a Kaduna da ire-irensu ba a bar su a baya ba. Hannunsu ya riga ya faɗa, kunnensu ya san kukan injin da ba shi da lafiya, abin da littafi ba ya koyarwa da wuri. Abin da ya rage musu shi ne karatun taswira da sanin kwamfuta. Hukumar NBTE tana da tsarin gwada gwanintar wanda ya koya a hannun maigida, ta ba shi takardar shaida.

Kafin uba ya biya kuɗin makaranta, ya kamata ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin gwaji. Ya tambaya ko injunan suna aiki ko kuwa lulluɓe suke don baƙi, ɗalibi nawa ne ke kan inji ɗaya, da kuma abin da ake yi in an ɗauke wuta. Ya kuma tabbatar an amince da kwas ɗin: na difloma a hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 a Kaduna, na digiri kuwa a Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da majalisar injiniyoyi ta COREN.